Ƙwarin Digiri a Tukunyar Inna

Ɗan yayana da ke karatun ilimin ƙwari ya lallaɓe ni na kai shi daji a babur, can gaba da Wamakko, wai zai nemo dabbobin bincikensa. Jin an ce dabbobi, har gora na ɗauka. Dajin ma sauransa muka tarar. Masu itacen girki da gonaki sun cinye shi, sai tsirarun sabara da kalgo da geza, da wata aduwa guda da gatari ya ji kunyarta.

Yaro ya shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin reshen sabara ya kaɗa. Ƙura ta zubo. Na ce mu tafi, ya ce: "Baffa, duba dai." Wallahi sai ga ƙura tana tafiya! Ya miƙo min gilashin ƙara girma, na ga abu da ƙafa takwas, dangin kaska da gizo-gizo. Jajayen su ne masu tsotse ganye su yi masa saƙa, irin waɗanda ke ƙona tumatirin fadama lokacin zafi. Akwai wasu masu ƙafa huɗu kacal da ke sa ganye ƙuraje. Masu saurin gudun kuwa mafarauta ne, 'yan'uwansu suke ci. Wai irinsu aka ɗauko daga Barazil a 1993 don su cinye wanda ya addabi rogon Afirka, kuma ragowar daji irin wannan nan ne maɓoyarsu. Ni dai ina riƙe da takarda a ranar Sakkwato, gumi har cikin takalmi, wani mai jaki ya tsaya ya tambaye ni ko maganin farin jini muke haɗawa, yana so.

Muka ciko ledoji da ganye, kowace da lambarta. Ya ce a sa a firij kada ƙwarin su mutu kafin ya kai su ɗakin gwaji. Nawa firij ɗin aka zaɓa, tunda ni ne baffan da ba ya cewa a'a.

Washegari da hantsi Inna ta aiko min da kofi, ruwa ja-ja mai ɗan bauri, wai na gyaran ciki. Na shanye, har na nemi ƙari. Sai ga ɗalibi ya shigo, ya buɗe firij, ya tsaya kamar an dasa shi.

"Inna, ina ledojina?"

"Sabarar nan da kalgo? Na dahwa. Allah shi yi maka albarka, ka san tsohuwa na hwama da ciki."

"Inna, binciken digirina ne! Akwai ƙwari ciki!"

"Wane ƙwari? Ni ban ga komi ba. Tambayi baffanka, shi ya sha kofi biyu."

Ya juyo yana kallon cikina, na ce kada ma ya fara, ba mai sa min gilashi. Ya ce to ranar Asabar sai mu koma dajin, kuma kuɗin man fetur wannan karon ma nawa ne.