Dokin Waipiyo Bai San Hawan Daushe Ba

Tunda mutumin naku, abokin nan nawa, ya ƙi barin maganar abin da ya faru tsakanina da dokin kwarin Waipiyo ta mutu, har yana tura bidiyon ga mutanen da ban taɓa gani ba, to bari a ji ta bakina.

Lokacin muna karatu ne a garin Hilo, a tsibirin Hawai na Amurka, kafin hukuma ta rufe wa baƙi hanyar gangarawa kwarin a 2022. Wata Asabar ya ce mu je kwarin Waipiyo. Muka wuce garin Honoka'a, muka ajiye mota a sama inda ake tsayawa kallo, muka gangara da ƙafa. Gangaren kusan kilomita ɗaya ne, amma a cikinsa za ka sauka wajen mita 240, gwiwa ce ke yin aikin birki. Shi da ya ce min "ɗan tattaki ne" takalmin hawan dutse ne a ƙafarsa. Ni kuwa kaftani da takalmin zuwa Juma'a.

Kwarin kam, Allah ya yi halitta. Duwatsu a tsaye hagu da dama, kore shar, can ƙurya ruwan Hi'ilawe na zubowa daga sama, yashin bakin tekun kuma baƙi ƙirin. Gonakin gwaza ne ko'ina, a cikin ruwa tsundum suke shuka ta. Wani dattijo da muka tarar yana wanke ƙafa a bakin gonarsa ya tsayar da mu. Ya ce nan kwarin sarakunansu ne, a nan aka yi renon Kamehameha na ɗaya, wanda ya haɗe tsibiran Hawai a ƙarƙashin mulki guda, kuma ƙasusuwan kakanninsu na cikin kogwannin duwatsun nan. Tun bayan tsunamin 1946 yawancin mutane suka tashi, 'yan da suka rage ba sa son a mayar musu da gida wurin wasa. Abu uku ya ja mana kunne a kai: kada mu ɗauki dutse, kada mu taka gonar kowa, kada mu yi hayaniya. Ni na fi kowa gyaɗa kai. Har na juya na yi wa mutumin naku kashedi, don kun san muryarsa.

Sai ga dawaki. Dawakan kwarin ba su da mai su, yawonsu suke yi. Wata Baturiya da mijinta suka ja da baya, sai mutumin naku ya ce musu su kwantar da hankalinsu, ga ɗan Kano nan, doki a wurinsu kamar keke ne. To me zan ce? Ƙarya ya yi? Na yi hawan sallah a bayan kawu, kowa ya sani. Abin da bai gaya musu ba shi ne dokinmu da linzami, da sirdi, ga yaro riƙe da shi tun daga barga har ƙofar fada.

Na gyara hula na matsa, ina ɗan tsotsa baki yadda ake yi, na miƙa hannun dama zan shafa wuyansa. Ko kallon hannun bai yi ba. Ledar burodi da ayaba da ke hannuna na hagu ya cafka. Na ja, ya ja. Na ce masa "kai!" da Hausa, ya ƙara ja. Leda ta yage, ya tsince ayaba har da ɓawo, sannan ya cusa hanci a aljihun kaftanina. A nan na fara ja da baya, a hankali, cikin mutunci, sai na ji numfashi mai ɗumi a ƙeyata. Ashe ɗan'uwansa ya zagayo.

Ban gudu ba. Duk mai cewa na gudu ya ji tsoron Allah. Sauri na yi, kuma hanyar da ta rage ita ce kunyar gonar dattijon nan, ga santsi. Ƙafar dama ta nutse har gwiwa, ta hagu ta tafi nata wuri, na zauna daɓas a tsakiyar gwaza, ruwa har ƙirji. Ihun kuwa ba da izinina ya fita ba. "Wayyo Inna!" Dutsen hagu ya maimaita, na dama ya amsa. A kwarin sarakuna, inda aka ce a yi shiru, sai da sunan Inna ya zagaya.

Dattijon ya tako a natse, ya dubi gwazar da na kwantar, ya dube ni, ya miƙo hannu ya jawo ni. Ya ce, "Ɗana, laluba aljihunka, ko akwai dutse, mu cike ukun."

Shi ban ji haushinsa ba, gonarsa ce, na ba shi haƙuri kuma ya haƙura. Wanda har yau ke tsaye min a wuya mijin Baturiyar nan ne. Mutumin da ɗazu ya ɓuya a bayan matarsa, shi ne ya zo yana koya min halin doki, wai suna gane mai tsoro ta warin jikinsa. Ni! Ya zaro min tishu ƙwaya ɗaya, ɗaya tal, ga mutumin da taɓo ya rufe har kunne. Da muka zo hawa, ina jan ƙafa da takalmi wari ɗaya, ina tsayawa kowane taku goma wai ina kallon teku, sai ga shi a bayan a-kori-kurar wani manomi, ya harɗe a kan buhun gwaza, yana ɗago min hannu. Akwai wuri a motar. Da idona na gani.

Ayabar kuma ashe ta mutumin naku ce, ya ce yana bina dala biyu. Ban biya ba.