Jan da ke jikin taswirar zafi ba shi ne girman bambanci ba

Daren Talatar da ta wuce wata ɗalibar digiri na biyu ta turo mini hoton sakamakon aikinta, ta rubuta a ƙasa: "Malam, duba yadda suka rabu tsaf." Taswirar zafi ce (heatmap), wato teburin lambobi da aka mayar launuka, kowane layi ƙwayar gado ɗaya, launi kuma yana nuna yawan aikinta a kowane samfuri. Ƙwayoyin gado 50 ne daga samfurin jini shida, uku na marasa lafiya, uku na masu lafiya. Hagu shuɗi, dama ja wur, kamar an ja layi da wuƙa. Na ce mata madalla, amma ki buɗe mini teburin lambobin da hoton ya fito daga ciki. Da muka duba layi na farko, ƙidayar da na'ura ta karanto wa ƙwayar gadon tana kusan 100 a masu lafiya, kusan 110 a marasa lafiya. Layi na bakwai kuwa daga kusan 100 ta haura 1,600. A hoton launinsu ɗaya, babu mai iya bambance su da ido. Wannan abu ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta.

Yarinyar ba ta yi ha'inci ba. Ta yi abin da kowa ke yi, ta mayar da kowane layi makin z. Wato a kowace ƙwayar gado a fitar da matsakaicinta, a debe shi daga kowace lamba, sannan a raba da ma'aunin warwatsuwar layin. Dalilin yin haka mai ƙarfi ne. A jinin mutum, ƙwayoyin gadon haemoglobin irin su HBB da HBA1 sukan cinye kaso mai tsoka na duk abin da na'ura ta karanto, wasu kuma ƙidayarsu ba ta wuce goma. In ka zana ɗanyen lambobi, layi biyu ko uku ne za su yi haske, sauran duk su dushe. Makin z yana ba kowane layi damar nuna hawansa da saukarsa. Ni ma ina amfani da shi kusan kullum, kuma ba zan daina ba.

Sai dai akwai abin da ake biya. Da zarar ka raba da warwatsuwar layi, ka zubar da girman bambancin. Ku ɗauki biro ku gwada da kanku: samfuri shida, uku a ƙasa uku a sama, in rukunan biyu sun rabu sarai, makin zai tsaya wajen 0.9 a gefe ɗaya, ƙasa da sifili da 0.9 a ɗaya gefen. Ko bambancin kashi 10 cikin 100 ne, ko ninki 16 ne, amsar ba ta canzawa. Kuma da samfuri shida makin ba zai taɓa wuce 2.04 ba ko me ya faru. To wanda ya kalli jan nan ya ce "wannan ƙwayar ta yi tashin gwauron zabo", me ya gani? Ya ga cewa ta fi matsakaicinta ita kanta, shi ke nan. Ba za ka kwatanta layi da layi ka ce wannan ta fi waccan yawa ba. Mafi muni, ƙwayar da ba ta motsa ba sam, wadda ɗan kai-kawonta hayaniyar awo ce kawai, ita ma za a miƙe ta har ta cika launi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da yawa ba su ma san ko an daidaita lambobinsu ko ba a daidaita ba. A manhajar lissafi ta R, umarnin heatmap yana daidaita layuka da kansa, wato ya mayar da su makin z, ko ba ka ce ba. Su kuwa heatmap.2 da pheatmap, wasu umarnin zana taswirar, ba sa taɓa komai sai ka umarce su. ComplexHeatmap ya bar maka aikin gaba ɗaya. Sannan ga wani tarko da na ga ya kama manya: heatmap da heatmap.2 suna haɗa bishiyar dangantaka, wato zanen da ke jera layuka masu kama da juna kusa da juna, da lambobin asali, daga baya su daidaita don launi kawai, alhali pheatmap yana daidaitawa tukuna sannan ya haɗa bishiyar. Teburi ɗaya, sai ka sami jeri biyu mabambanta, mutum ya kwana yana zaton bayanansa ne suka lalace. Umarnin scale ma layukan tsaye yake bi, ƙwayoyin gado kuwa a kwance muke jera su, don haka sai an juya teburin, a daidaita, a sake juyowa. Wanda ya manta da wannan, samfura ya daidaita ba ƙwayoyin gado ba, kuma hoton zai fito lafiya lau ba tare da wani gargaɗi ba.

Masu aikin tantani ɗai-ɗai su ma su lura, umarnin DoHeatmap na manhajar Seurat yana yanke launi a 2.5 sama da ƙasa, wato duk makin da ya wuce haka launi ɗaya yake ɗauka.

In aka koma asali, abin ba haka ya faro ba. Hoton ja da kore da Michael Eisen da abokan aikinsa suka fitar daga Stanford a 1998, wanda ya yaɗa wannan salo a fagen nazarin ƙwayoyin gado, launinsa yana nuna ninki ne idan aka kwatanta da samfurin ma'auni. Ja mai ƙarfi yana nufin ninki mai yawa, baƙi yana nufin babu canji. Idon mutane ya saba da wannan karatu, sai aka sauya lissafin ƙarƙashi zuwa makin z, ido kuma ya ci gaba da karantawa irin ta da. Ja da koren ma ya kamata a bar su, domin kusan namiji 1 cikin 12 a Turawan arewacin Turai ba ya rarrabe su, kuma a cikinmu ma akwai masu wannan lalura. Shuɗi da fari da ja sun fi, fari ya zauna daidai kan sifili.

Ga abin da na sa ɗalibar ta yi. Ta fara da gyara bambancin yawan karatun da kowane samfuri ya samu, ta mayar da ƙidayar ma'aunin log2, inda ƙarin 1 yake nufin ninki biyu, da umarnin vst na manhajar DESeq2. Ta cire ƙwayoyin da ƙidayarsu ta yi ƙasa ainun. Sannan ta zana hoto biyu. Na farko da makin z kamar da. Na biyu ta debe matsakaici kawai ba ta raba da komai ba, ta yadda taki ɗaya a launi yake nufin kusan ninki biyu. A hoto na biyu layi na bakwai ya yi ja jawur, domin tazararsa 4 ce a log2, layi na farko kuwa da tazarar 0.14 ya koma kusan fari. Cikin 50 ɗin nan, waɗanda suka rage da launi mai ƙarfi ba su kai rabi ba.

Ta yi shiru, can ta rubuto: "Malam, to wanne zan sa a kundin?" Na ce ki sa wanda ya amsa tambayarki. In kina son nuna waɗanda suke tashi tare su sauka tare, makin z ne. In kina son nuna waɗanda suka canza da yawa, na biyun ne. Amma kowanne kika ɗauka, ki rubuta a ƙarƙashin hoton wane juyi aka yi wa lambobin, ko layi aka daidaita, a ina aka yanke launi, kuma da waɗanne lambobi aka haɗa bishiyar. Jimla biyu ce kacal. Ina roƙon masu duba ayyukan ɗalibai da masu tace maƙalu, in hoto ya zo gabanku sandar launinsa ba ta da suna, ku mayar da shi a rubuta. Ita dai ta sa duka biyun, gefe da gefe, a shafi ɗaya.