Wurin da jakata ta cinye

'Yan'uwana cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ranar Lahadin da ta wuce, a majami'armu a nan Bauchi, wata mata ta shigo bayan an fara Mas, wato babbar sujadarmu ta Katolika. Zaninta ya koɗe, silifas ɗinta an ɗaure madaurinsa da waya, ga yaro goye a baya yana ta tari. Ta tsaya a gefen bencinmu tana neman inda za ta raɓa. Ni ne a bakin bencin, jakata kuma ta cinye wurin mutum guda. Na gan ta sarai, amma na sunkuyar da kai kan littafin waƙoƙi kamar ina neman lamba. Wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata, wadda sai da sanda take tafiya, ita ce ta gyara zama ta ce, "'Yata, zo ki zauna nan." Har aka tashi, kunya ba ta sake ni ba.

Da na koma gida na buɗe Matiyu 15:21-28. Yesu ya tafi wajen Taya da Sidon, ƙasar da ba ta Yahudawa ba, sai wata Bakan'aniya ta biyo shi tana kuka saboda aljani ya kama 'yarta. Bai ce mata uffan ba. Almajiransa suka ce ya sallame ta, ta dame su da ihu. A nan na daɗe ina tunani. Waɗanda suka so a kore ta su ne na kusa da Ubangiji, masu ci da shi a kwano ɗaya. Da a yau ne, mu ne su, masu zuwa sujada da wuri, masu benci na kanmu.

Matar nan ba ta yi zuciya ta juya ba. Ta zo ta durƙusa ta ce ya taimake ta. Da Yesu ya ce mata bai kamata a ɗauki abincin 'ya'ya a jefa wa karnuka ba, ta amsa cewa ai karnuka ma suna cin abin da ya faɗo daga teburin iyayengijinsu. Maganar da za ta sa wani ya bar coci har abada, ita da ita ta ƙara matsowa. Yesu ya yaba girman bangaskiyarta, 'yar kuma ta warke nan take. Ke da kika shekara goma kina roƙon haihuwa, kai da ka gama makaranta takardunka na shan ƙura a akwati, shirun da kuke ji ba kora ba ne. Ku ƙara durƙusawa.

Amma kada mu ɗora wa baƙo nauyin naci alhali mu ne muke tare ƙofa. A Ishaya 56:7 Ubangiji ya ce gidansa ɗakin addu'a ne domin dukan al'ummai. Dukansu: mutumin Bogoro da na Billiri, Bajari da Bawaja, ɗan kasuwar da ya zo daga kudu, Bahaushen da danginsa suka juya masa baya, iyalin da rikici ya koro daga Borno ko Yobe. Har da yarinyar da ta yi ciki a gida, wadda muke bi da kallo har ta daina zuwa. Tambayar nan ta "ɗan wace ƙabila ne?" ta raba mu da mutane da yawa.

Gidan da zai karɓi kowa yana bukatar masu hidima, wannan ya kai ni ga maganar firistoci. Dayosis ɗin Bauchi, wato yankin da bishop ɗinmu yake kula da shi, wanda ya zama cikakken dayosis a 2003, jihohi biyu ya ƙunsa, Bauchi da Gombe. Bishop ɗinmu na farko, John Moore, daga Ailan ya zo. Yau 'ya'yanmu ne za su riƙe aikin, babu wanda zai zo daga ƙetare ya ɗauke mana. Wanda ya san ƙauye ya san yadda Fada ɗaya yake zagaya ƙananan majami'u a kan babur, da damina rafi ya cika ya tare hanya, katikis, wato mai koyar da addini, ya yi ta jan jama'a da addu'a suna jiran ranar da za su karɓi Jibin Ubangiji. Girbi da yawa, ma'aikata kaɗan.

Firist kuwa ba a rana ɗaya ake yin sa ba. Saurayi yakan kwashe wajen shekara tara yana karatun falsafa da tauhidi da horon ruhaniya, a wurare irin su babbar seminari, wato makarantar horon firistoci, ta St. Augustine da ke Jos. Duk tsawon lokacin nan sai ya ci, ya sa sutura, ya sayi littattafai, ya sha magani in ya kwanta. Da yawansu 'ya'yan manoma ne. A 1889 wata Bafaranshiya, Jeanne Bigard, ita da mahaifiyarta suka kafa ƙungiyar Bitrus Manzo domin tallafa wa horon firistoci 'yan ƙasa a wuraren mishan. Mata biyu ne kawai suka fara.

Kada ka ce abin hannunka ya yi kaɗan. Mudun masara baiko ne, kwanon gyaɗa baiko ne, haka kuɗin mota da za ka damƙa wa ɗan seminari in zai koma bayan hutu. Bayan Mas ka tsaya ka tambayi Fada ta wace hanya taimakonka zai kai. In kuma ɗanka ne ya ce yana jin kira, kada ka rufe masa baki da maganar wa zai gaji gida.

Da nake fita ranar nan na hangi matar a bakin ƙofa tana gyara goyo, tsohuwar na riƙe mata leda. Yaron bai daina tarin ba. Ina roƙonku ku sa shi cikin addu'arku ta daren yau.