Kuɗin kafa ƙarfe akwai, na kula da shi ne babu

To, an sake kaɗa mana ganga, mu kuma mun fito rawa. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kilomita 90,000 na wayar faiba mai ɗauke da intanet, dala biliyan 2, ƙarafan sabis 7,000 a karkara, jama'a sai turo hoton ministan sadarwa Bosun Tijani suke yi ana rubuta "Alhamdulillah, intanet ya iso ƙauye". Ya iso wane ƙauyen? Don Allah wanda ya ga isowarsa ya nuna mana hanyar da ya biyo, mu je mu tarye shi da ruwan sanyi.

Kun manta da 2020 ne? A watan Maris na shekarar, zamanin Pantami, aka ƙaddamar da tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025. An ce kashi 70 cikin 100 na 'yan ƙasa za su samu intanet mai sauri, ƙauye zai samu gudun megabit 10, birni 25, gigabait ɗaya ba zai wuce naira 390 ba. Wa'adi ya cika da ƙyar aka taɓo rabin 'yan ƙasa, kuma a Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Kafin wannan an raba lasisin shimfiɗa faiba shiyya-shiyya, Arewa maso Yamma ma ta samu nata kamfanin. Ku tambayi mutumin Birnin Magaji ko Sabon Birni mita nawa ya gani.

Maganata guda ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji: gwamnati tana ware kuɗin ginawa, ba ta ware kuɗin kulawa. Ranar yanka zare akwai kasafi, akwai rumfa, akwai maroƙa. Ranar da batir ya mutu babu kowa.

Bari mu yi lissafin ƙarfen sabis guda ɗaya, tunda wasu sun ɗauka dasa shi ake yi kamar darbejiya ya ci gaba da girma da kansa. Ƙarfe yana son wuta dare da rana, ƙauye kuwa babu NEPA. Idan janareta ne, ƙaramin da ake sa wa irin wannan wuri yana shan kusan lita biyu na gas a awa. Lita 48 ke nan a rana, sama da lita 1,400 a wata. Gas ya daɗe da haura naira dubu a lita, don haka ana maganar miliyan ɗaya da rabi a wata a man kawai. Ba a sa juyen baƙin mai ba, ba a sa albashin maigadi ba, ba a sa motar da za ta kai man ta hanyar da damina ta cinye ba. Yanzu ɗauki gari mai layuka 500 da ke aiki, kowa yana sa katin naira dubu a wata. Dubu ɗari biyar ke nan. Wane kamfani ne zai zuba miliyan biyu ya kwashi rabin miliyan, wata bayan wata, don kawai yana ƙaunar talaka? Ba sadaka suka zo yi ba. Wata shida, takwas, sai a daina kai mai, ƙarfe ya koma wurin kwanan shamuwa.

Na san za a ce ai yanzu sola ake sawa. Madalla. Sola ta fi, babu musu. Amma farantin sola a Arewa, idan hunturu ya shigo, mako biyu ƙura ta lulluɓe shi, wutar da yake bayarwa ta ragu. Wa aka ɗauka ya riƙa goge shi? Batir kuma, idan irin na da ne mai dalma, zafi ne ajalinsa: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Ka kulle shi a akwatin ƙarfe a Sakkwato cikin watan Afrilu, ka ce zai yi shekara biyar? Na litiyam ya fi jure wa zafi, shi ya sa ɓarayi suka fi son sa. Alamar ba ta ɓuya: da rana sabis cike, bayan isha'i ya fara rawa, ƙarfe biyun dare ya ɗauke, ba zai dawo ba sai hantsi. Duk garin da kuka ji ana cewa "sabis ɗinmu na rana ne", batir ne ya gaji, kuma babu layi ko ɗaya a takardar kwangilar da ya faɗi wanda zai sauya shi.

Sai faibar kanta. Mutane suna jin kilomita 90,000 suna zaton waya ce za ta shigo kowane zaure. A'a. Wannan babbar hanya ce, tana bin kwalta daga gari zuwa gari, ta tsaya a hedikwatar ƙaramar hukuma. Daga nan zuwa ƙauyen da ke kilomita 30 ko 40 cikin daji wani aiki ne daban. Ko a ja reshe, ko a haɗa da faifan nan mai kama da ganga da kuke gani a jikin ƙarfe, wanda dole sai yana hango ɗan'uwansa ba tare da tsauni ko doguwar bishiya a tsakani ba. Idan babu ko ɗaya, wayarka za ta nuna 4G sanda huɗu, amma saƙon murya na minti ɗaya ya kwana yana juyawa.

Shimfiɗar ma akwai yadda ake yi. Rami ya kai zurfin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a sa wayar cikin bututun roba mai kauri, a rufe rabi, a shimfiɗa ledar gargaɗi mai launi, sannan a ƙarasa cikowa, a kafa alama a sama. Ɗan kwangilar da aka biya kuɗin mita ɗaya da rabi sai ya haƙa kamu biyu ya rufe, ya cinye ledar ma. Damina ɗaya zaizayar ƙasa ta tono ta, ko katafilar masu gyaran hanya ta tsinke ta. NCC da bakinta ta ce an yanke faiba sama da sau 50,000 a 2024, mafi yawa a wurin aikin hanya. Gwamnati ce ke biyan mai binnewa, gwamnati ce ke biyan mai tonewa. Idan ta tsinke sai injiniya ya zo da na'urar auna inda hasken ya katse, a tono, a haɗa zaruruwan ɗaya bayan ɗaya, 48 ne ko 96, kowanne siririnsa kamar gashi. A Kano wannan aikin yini ne. A hanyar da ake tare mutane, wa zai je, kuma wa zai biya rakiya?

Gwamnoni kuma kada su laɓe. Tun 2013 aka amince a karɓi naira 145 a kowace mita ta haƙa. Ekiti tana karɓar 4,500 kafin ta sauko a 2020, Kaduna ta yafe gaba ɗaya a shekarar. Reshen kilomita 40 a kan 145 naira miliyan 5.8 ne, a kan 4,500 kuwa miliyan 180. Jihar da ta yafe a takarda amma ta bar ma'aikatu uku da ƙaramar hukuma kowa da rasit ɗinsa, ba ta yafe komai ba.

Masu cewa "ai Starlink ya shigo tun 2023, a bar wahalar haƙa", na ji ku. Ku je ku faɗa wa manomin da ke lissafin kuɗin buhun taki kuɗin kwanon da ke kamo intanet ɗin daga tauraron ɗan Adam da na wata-wata, ku dawo ku ba mu labari. Masu cewa "ku dai ba a iya muku, ko me aka yi sai kun kushe", ba ni da lokacinku.

Wallahi ba wasa ba ne. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 mutanen karkara sun sha wuya biyu: babu takardar kuɗi, babu sabis ɗin tura kuɗi. Mai POS ya ɗaga na'ura sama kamar mai roƙon ruwa, an cire kuɗi a asusun tsohuwa, takarda ba ta fito ba, banki kuma yana tafiyar awa biyu. Yaron da zai zana JAMB a kwamfuta bai taɓa buɗe shafin intanet ba. Mace na naƙuda, sai an hau tudu kafin a kira mai mota. Da aka rufe sabis a Zamfara a Satumban 2021 kowa ya ga yadda kasuwa take mutuwa idan waya ta yi shiru. Akwai garuruwan da kullum a haka suke, ba tare da kowa ya ba da umarni ba.

Asusun kai sadarwa inda babu ita, wato USPF, da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa, don wannan aka yi shi, daga kuɗin da kamfanoni ke biya. A daina biyan ɗan kwangila don ya kafa. A biya kamfani duk wata na tsawon shekara biyar ko bakwai, gwargwadon awannin da ƙarfen ya yi yana aiki, watan da ya mutu a yanke. Ƙarfe ɗaya, MTN da Airtel da Glo duk su hau, a raba kuɗin wuta. A ɗauki maigadi da mai goge sola daga cikin garin, da sanin dagaci, a bar musu soket ɗin cajin waya a jikin shingen, ku ga ko wani zai taɓa batir. A kuma wallafa sunan kowane gari da aka ce an kai wa, mu bi da ƙafa mu duba.

Af, tunda ana maganar katin mutumin ƙauye: wa ke sa wa tsofaffi waƙar kira da saƙonnin wasan ƙwallo da ba su nema ba? Dattijo ya sa kati da safe don ya kira ɗansa a Legas, kafin azahar an zare naira hamsin, shi ko karatun boko bai yi ba balle ya san lambar da ake tura STOP. 2442 ce, ku taimaka ku tura musu.