Kada Musun "Horon Wa Ya Fi Wuya" Ya Zaɓa Maka Runduna

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman waɗanda zuciyarsu ta karkata ga kaki, da waɗanda ba su daɗe da saka shi ba.

Akwai musun da ba ya ƙarewa a duk inda masu sha'awar aikin soja suka haɗu: wane horo ya fi wuya, na sojan ƙasa, na ruwa, ko na sama? Da an ɗauko zancen sai jijiyoyin wuya su tashi. Wannan ya ce su ne suka sha baƙar wuya, saura hutu suka je. Wancan ya ce ai ku ko iyo ba ku iya ba. Sojan sama kuwa kullum shi ne abin tsokana. Da a raha abin ya tsaya da ban ce uffan ba, don kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma zolaya tsakanin runduna da runduna ba yau aka fara ta ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda nake ganin yara suna ɗora shawarar da za ta ci ƙuruciyarsu a kan wannan musun. Wani ya zaɓi runduna don a ce masa namijin duniya. Wani ya zaɓi wata don an raɗa masa cewa can babu gwale-gwale. Dukansu biyun makonni kaɗan suka duba, suka manta da shekarun da ke biye.

Mu ɗauki Amurka misali, tunda tana da kowane reshe kuma tsarin horonta ba ɓoyayye ba ne. Kurtun sojan ƙasa yana yin mako 10 a barikoki irin su Fort Jackson da Fort Sill da Fort Leonard Wood. Sojan kundumbala, wato Marin, masu kai farmaki daga teku zuwa tudu, mako 13 suke yi, ko a Parris Island ko a San Diyego. Sojan ruwa wuri ɗaya tal gare su, Great Lakes kusa da Shikago, kuma tsawon horonsu ya sha canzawa: ya daɗe yana mako 8, aka kai shi 10 a 2022, aka dawo da shi 9 a 2025. Masu tsaron gaɓar teku mako 8 ne a Cape May. Sojan sama mako 7 da rabi a Lackland, jihar Teksas.

Mai gaggawa zai ce to ai magana ta ƙare, mai 13 ya lashe. Sai dai a cikin sojan ƙasan nan da aka ce mako 10, wanda zai zama sojan fagen daga mako 22 yake yi a jere a Fort Benning, don an haɗe masa horon farko da na aikinsa. A Birtaniya kuwa, sojan kundumbala na sarauta fiye da mako 30 suke yi a Lympstone, su rufe da tafiyar mil 30 a tsaunukan Dartmoor da kaya a baya, cikin awa 8. In ƙirgen makonni ne ma'auni, kullum akwai wanda ya fi ka.

Ni dai abin da na fahimta, kuma shi nake so ku riƙe, shi ne kowace runduna ta gina horonta ne a kan irin hanyar da take rasa mutanenta. Wanda ya gane haka ba zai ƙara raina horon kowa ba.

Ku dubi sojan ruwa. Wanda bai sani ba zai yi mamakin ganin kurtu yana ɓata kwanaki yana koyon jan tiyon kashe gobara da toshe ɓaraka, maimakon ya yi ta harbi. Ga dalilin. Ranar 29 ga Yuli, 1967, jirgin ruwan yaƙi mai dakon jiragen sama, USS Forrestal, yana gaɓar Biyetnam, sai wata roka ta tashi da kanta saboda matsalar lantarki, ta bugi wani jirgi da ke ajiye a kan dandamali. Mai ya tsiyaye, wuta ta kama, bama-bamai suka fara tashi. Fashewar farko ta hallaka ƙwararrun 'yan kwana-kwanan jirgin, waɗanda su ne suka fara rugawa wurin. Waɗanda suka rage jarumai ne, babu mai musun wannan, amma da yawansu ba a taɓa koya musu aikin ba. Wasu suna fesa kumfar da ke danne wutar mai, wasu suna bin bayansu da ruwa suna wanke kumfar, cikin kyakkyawar niyya. Mutum 134 suka rasu. Tun daga wannan rana rundunar ta ɗauki darasin cewa kowane ma'aikacin jirgi, ko mai dafa abinci ne ko akawu, dole ya san yadda ake kashe wuta. A tsakiyar teku babu motar kwana-kwana da za a kira, babu kuma inda za a gudu.

Shi ya sa jarrabawar ƙarshe a Great Lakes ta dare guda ce, kimanin awa 12, a cikin wani kwaikwayon jirgin yaƙi mai tsawon ƙafa 210 da ake kira USS Trayer. Ana sako hayaƙi, ruwa ya cika ɗaki, a ce ka fito da wanda ya ji rauni ta cikin tarkace a cikin duhu. An ɗauko waɗannan yanayi ne daga abubuwan da suka faru da gaske, har da harin da aka kai wa USS Cole a tashar Adan ta Yaman ranar 12 ga Oktoba, 2000, inda ma'aikata 17 suka mutu, sauran suka kwana suka yini suna fama da ruwa har suka hana jirgin nutsewa. Da gari ya waye, wanda ya ci jarrabawar yakan cire hular da aka rubuta wa "kurtu" ya saka wadda ke ɗauke da sunan rundunar. To ɗan'uwa, da wane baki za ka ce wa wannan bai sha horo ba, don kawai bai yi rarrafe a taɓo kamar kai ba?

Sai sojan sama, wanda aka fi yi wa dariya. Gaskiya ne horonsa ya fi gajarta, kuma gaskiya ne ana matsa masa a kan abubuwan da suke kama da shirme: yadda zai naɗe safa, yadda zai linke riga, tazarar da zai bari tsakanin kaya a cikin akwati. Zare ɗaya ya leƙo, a watsar da kayan a ce ya sake. Ku sani yawancin sojan sama ba matuƙa ba ne. Makanikai ne, da masu ɗora makamai, da masu zuba mai, da masu lura da na'urar hangen jirage, da masu gadin sansani. Matuƙi yana hawa jirgi ne da amanar cewa wanda ya taɓa injin bai bar komai a ciki ba. A wurin gyaran jirgi ana ƙirga kowace sifana kafin aiki da bayan aiki, kuma in ɗaya ta ɓace jirgin ba ya tashi sai an gano ta. Ana jera mutane sahu su taka filin jirgi a ƙafa suna tsintar ƙusa da tsakuwa. In kana ganin wannan wasa ne, tuna jirgin fasinja na Concorde da ya faɗi kusa da Faris ranar 25 ga Yuli, 2000. Wani ɗan sillen ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgin ne ya fasa masa taya a kan titin tashi, ɓaraguzan tayar suka bugi tankin mai, mutum 113 suka halaka. Yaron da ake tilasta wa ya daidaita safa ana koya masa ne kada idonsa ya tsallake ƙaramin abu, ko da ya gaji, ko da babu mai kallonsa.

Kuma horon farko ƙofa ce kawai. Wannan da kake gani ya yi mako 7 da rabi, ana iya tura shi makarantar harsuna ta soja a Monterey ya yi mako 64 yana koyon Larabci ko Sinanci. Sojan ruwan da zai kula da injin nukiliya yana shafe fiye da shekara a karatu kafin a bar shi ya taɓa komai. Masu ceton matuƙan da aka harbo a bayan abokan gaba, su ma sojan sama ne, kuma horonsu yana kai wa wajen shekara 2.

Ban faɗi duk wannan don in rage wa sojan ƙasa da na kundumbala komai ba. Wahalarsu ta jiki ta fi, kowa ya sani, kuma da dalili: aikinsu tafiya ce da kaya, da yunwa, da rashin barci, da harbi daidai bayan duk wannan. Marin yana koyon harbin bindiga har daga nisan yadi 500. A Parris Island kurtu ba ya cewa "ni", sai dai ya ce "wannan kurtun", don a cire masa son kai tun daga harshe. Jarrabawarsu ta ƙarshe, wadda aka fara a 1996 kuma suke kira Crucible, wato tukunyar narkar da ƙarfe, awa 54 ce, da tafiyar fiye da mil 40, abinci ƙalilan, barci 'yan awoyi. Galibin shingayen da ke cikinta an tsara su yadda mutum ɗaya ba zai iya wucewa shi kaɗai ba. Wanda ya fito daga nan yana da haƙƙin ya yi alfahari. Abin da ba shi da haƙƙinsa shi ne ya raina wanda zai ɗauko shi a jirgi in an yi masa ƙawanya, ko wanda ya tsallaka da shi teku.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai. Wannan gasar ta "namu ya fi wuya" tana haifar da wani mugun tunani, cewa duk inda aka fi azabtar da kurata nan ne aka fi horo. Ba haka ba ne. Horo yana da manufa da ma'auni, da likita a kusa, da wanda zai ce a tsaya. Zalunci ba shi da ko ɗaya. Daren 8 ga Afrilu, 1956, wani saje mai horarwa a Parris Island, Matthew McKeon, ya fusata da kuratansa, ya kuma sha giya a ranar, sai ya kora su cikin rafin Ribbon Creek cikin duhu don ya ladabtar da su. Wasunsu ba su iya iyo ba. Shida suka nutse. An gurfanar da shi gaban kotun soja, aka kuma sake tsarin sa ido a kan masu horarwa. Yaran nan shida ba su ƙara wa rundunar ƙarfi da komai ba, iyayensu kawai aka bari da kuka. Ko a 2020 makarantar sojan fagen daga ta Amurka ta daina tsohuwar al'adar nan ta yi wa sababbin zuwa taron dangi da ihu a ranar farko, ta maye gurbinta da aikin haɗin gwiwa. Saboda haka kai da ka samu igiya aka damƙa maka yara, kada ka ce tunda an yi maka dole ka rama a kan na baya. Amana ce a hannunka, kuma za a tambaye ka.

Kai kuma mai shirin shiga, kada jin kunyar a ce maka rago ya sa ka ɓoye ciwo. Mai asma, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, ya faɗa tun a wurin gwajin lafiya. Wanda yake ɗauke da ƙwayar sikila a jininsa, ko da bai taɓa ciwo ba, ya san matsayinsa ya kuma sanar, domin gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ya fi yi masa haɗari. In kana tsakar horo ka ga fitsarinka ya koma kalar baƙin shayi bayan aikin ƙarfi, wannan alama ce ta tsoka tana narkewa, kuma tana iya kashe ƙoda. In ƙashin ƙaurinka yana zafi a wuri ɗaya kullum yana ƙaruwa, mai yiwuwa tsagewa ce ta fara. Wanda ya je asibiti da wuri yakan rasa kwanaki, wanda ya daure don kada a yi masa dariya yakan rasa aikin gaba ɗaya, wani ma har ransa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fara gudu watanni kafin lokaci, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In ruwa ka nufa, koyi iyo tun yanzu: a Great Lakes sai ka yi tsalle daga dandamali cikin ruwa, ka yi iyon yadi 50, ka kuma yi minti 5 kana yawo a saman ruwa kafin a ce ka wuce. Saba wa kanka tashin asuba, da ajiye waya, da karɓar gyara ba tare da ka mayar da magana ba, don wannan na ƙarshen ya fi kayar da samari fiye da gudu.

Sannan ka yi lissafi da hankali. A Amurka kwantiragin farko yawanci shekara 4 ne a bakin aiki, cikin alƙawarin shekara 8 gaba ɗaya in an haɗa da zaman ko-ta-kwana. Shekara 4 mako 208 ke nan. Mako 13 nawa ne a ciki? In ka samu wanda ya yi aikin, daina tambayarsa sau nawa aka sa shi tsallen kwaɗo. Tambaye shi yadda ranarsa take a shekara ta uku. Wata nawa yake yi bai ga iyalinsa ba? Zai iya kwana a gado mai hawa uku a cikin jirgi, wata shida, babu inda zai keɓe? Wace sana'a ya fito da ita da za ta ciyar da shi bayan ya tuɓe kaki? Gwiwoyinsa da bayansa da kunnuwansa yaya suke yanzu?

Ku kuma yayyenmu da kuka riga kuka wuce wannan mataki, in ƙaninku ya zo da waɗannan tambayoyi, don Allah ku ajiye labarin jarumtar bariki ku ba shi amsa tsakani da Allah, har da abin da kuka yi nadama a kai. Ku zaunar da shi ku nuna masa takardar da zai sa wa hannu, layi bayan layi, kafin ranar da zai tsaya a gaban mai ɗaukar kurata.