Ranar da D ta fara ƙifta min ido

Jama'a ashe mota ma tana ƙifta ido, ni dai ban sani ba sai a hanyar Zariya. Honda Accord ce ta 2004, wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa EOD, mai fulogi huɗu, atomatik, kuma tunda na saye ta ba ta taɓa ba ni kunya ba, ashe ajiye abin ta yi tana jiran ranar da zan ɗauko surukina zuwa ɗaurin aure.

Mun baro Kano lafiya lau, mun wuce Kura, Baba na gaba yana jan carbi yana ba ni labarin Fijo 504 haɗin Kaduna da ya taɓa riƙewa, wai ita ce mota, sauran duk gwangwani ne. Ni kuma sai "haka ne Baba" nake ta yi, don wa zai yi musu da wanda ya ba shi 'ya. Muna dab da Kwanar Ɗangora kawai na ga allurar gudu ta sulale ta kwanta a kan sifili, alhali ga mu muna ta sheƙa gudu bishiyoyi na wucewa. Baba ya leƙo ya duba, ya dube ni.

"Malam, mun tsaya ne?"

"A'a Baba, tafiya muke."

"To motarka ta ce mun tsaya."

Kafin in samo amsa sai ga harafin D ɗin nan na dashbod, mai nuna mota na giyar tafiya gaba, ya fara ƙiftawa, fitilar gargaɗi ta cek injin ta kama, sai motar ta yi wata irin zabura gau! har hular Baba ta koma ƙeya. Daga nan fa shikenan, ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi gaba ta ƙi baya, ina taka totur inji na ihu allurar inji na hawa sama amma gudun babu, har wata akori-kura da ta sha lodin albasa ta zo ta wuce mu, yaron motar yana zaune a kan buhu yana ɗaga min hannu wai sannu.

Na gangara gefe na kashe ta. Baba bai ce komai ba, ya karanta abin da zai karanta ya tofa wa dashbod. Na murɗa makulli, sai ga komai ya dawo daidai, D ta daina ƙifce-ƙifce, allura ta tashi, giya na shiga sumul. Baba ya gyara hula ya ce "ka gani ko". Wallahi na gani. Sai dai duk inda muka faɗa rami sai abin ya dawo, in tsaya, ya tofa, in tayar, mu ci gaba, a haka muka isa Zariya an riga an shafa fatiha mutane na rabon goro.

Washegari na kai ta garejin da na saba. Ogan ko bonet bai buɗe ba da farko, hannu ya harɗe a baya ya ce in taka, na taka, ya girgiza kai irin na wanda ya zo gaisuwar mutuwa ya ce "Alhaji sai haƙuri, giyabos ya tafi." Na ce ya tafi ina? Sannan ya zaro sandar man giya ya shinshina, man nan jawur da shi, ba baƙi ba warin ƙuna, ni ma na shinshina don kar a bar ni a baya. Ya ce ai irin wannan ya fi haɗari, ciwon ciki ne. Akwai ɗan Beljiyam mai kyau da zai samo min a Ƙofar Ruwa, ya faɗi kuɗin, sai da na nemi benci na zauna. Na ce bari in je in yi shawara, wanda duk mai mota ya san ma'anarsa ba ni da su.

Shawara kuwa na sha ta. A majalisarmu wani ya ce burenbos ne, wato kwamfutar mota, wani ya ce in juye man giya in zuba sabo, wani da ko keke bai mallaka ba ya ce in sayar da ita tun tana motsi. Uwargida ta ce ita dai tun ranar da maƙwabciyarmu ta ce "kai motar nan taku ba ta tsufa" ba ta ce masha Allah ba, hankalinta bai kwanta ba.

Wani abokin aikina ne ya tura ni wajen wani yaro ɗan riwaya, ya ce a sa mata kwamfuta tukuna. Na je na tarar da yaron da in a hanya na gan shi zan aike shi sayen kati, silifas ɗinsa ma wari da wari, amma da ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya laluba wani soket mai ramuka 16 ya cusa na'urarsa, sai na fara gyara tsayuwa. Ya ce duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan soket ɗin, OBD2 ake ce masa, kuma D ɗin da nake cewa tana min iskanci ba iskanci ba ne, haka Honda ke faɗa wa mai ita cewa ta ga matsala a ɓangaren giya ta rubuta ta ajiye, saura a zo a karanta. Ya juyo min da allon: P0722.

Na ce to fassara, don ni lambar da na sani ta asusun banki ce.

Ya ce giyabos ɗin nan sensa biyu ke lura da juyawarsa. Ɗaya tana ƙirga juyin da ke shigowa daga inji, ɗaya tana ƙirga wanda ke fita zuwa tayoyi, kowacce bakinta na dab da haƙoran wani ƙarfe mai juyawa, duk haƙorin da ya gifta sai ta aika wa kwamfutar mota saƙo. Da wannan ƙirgen kwamfuta ke sanin gudun mota, da shi take yanke lokacin da za ta saka giya ta gaba, kuma a irin tawa daga nan allurar gudu ma ke samun labari. To P0722 na nufin saƙon ta waje ya ɗauke ɗif. Kwamfuta na ganin inji na juyi, ciki na juyi, amma an ce mata tayoyi a tsaye suke, sai ta rikice ta ce ba da ni ba, ta riƙe giya ɗaya ta ƙara matsin mai don kar kulocin ciki su ƙone, zaburar da ta tuɓe wa Baba hula kenan. Kashewa da tayarwa kuma sake mata lissafi yake yi daga farko. Wannan ɓangaren na ƙarshe na yi kamar ban ji ba, don ba ni ne zan je in faɗa wa Baba ba.

Ai ina jin haka na zaro waya zan kira mai kayan gyara a kawo sabuwar sensa, yaron ya ce "Alhaji dakata mana. Lambar ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi saƙo ba ya zuwa. In ka kira mutum waya ba ta shiga ba, ai ba ka fara zaman makoki, ƙila sabis ne." Na mayar da wayata aljihu.

Muka fita gwaji, ni ina tuƙi shi yana riƙe da na'ura yana kallon lambobi biyu suna hawa tare. Ya ce in nemi rami. A unguwarsu wannan ba aiki ba ne. Muna faɗawa lambar ciki ta ci gaba da rawarta, ta wajen ta koma 0, D ta fara sana'arta. Ya ce yawwa, ya ji daɗi sosai, ni da motata ke ciwo ban ga abin yawwa ba.

Da muka dawo ya cire robar da iska ke bi zuwa inji don hannu ya samu hanya, ya sa sufana lamba 10 ya kwance ƙusa ɗaya tak, ya zaro sensar ta waje. Jama'a wai wannan ce, 'yar baƙar roba da ba ta fi babban yatsa ba, ita ta hana ni barci. Bakinta akwai ɗan garin ƙarfe laushi da maganaɗisu ya tara, ya goge da gefen rigarsa ya ce wannan ba komai, in da ɓarɓashi ne manya masu ƙyalli da sai ya ce in koma wajen ogana mu yi kuka tare. Sai ya koma kan soket ɗin, wayoyi uku ne, ta wuta da ta ƙasa da mai kai saƙo. Ya kunna makulli ya sa mita, wuta ta nuna 5, ta ƙasa ma lafiya. Ya koma kan ta ukun, mita na kuka ɗiiii alamar waya a haɗe take, ya kama damin wayoyin ya ɗan girgiza sai kukan ya yanke, ya saki ya dawo, ya girgiza ya yanke. Ya yi ta yi yana murmushi har sai da na ce malam na yarda haka nan.

Ya bi damin da yatsa yana lalube har can wani lungu ƙarƙashin batir, ya haska fitilar waya ya ce in leƙo. Bawon waya a gwaguye, silin jan ƙarfe bai fi biyu da suka rage suna riƙe da juna ba, gefe kuma ga shimfiɗa an yi ta sosai da yagaggiyar leda da tsumma, ga 'yan baƙaƙen kashi, ga ɓawon gyaɗa tuli. Ɓera ne, kuma da gani ba baƙo ba ne, mai gida ne da iyali.

Ya ce "Alhaji kana ajiye gyaɗa kusa da mota ne?"

Buhu guda ne a jingine a inda nake fakin, tsarabar gona ce, kuma Baba ne ya aiko mana da ita da kaka. Na ce masa a'a ƙila ta maƙwabta ce.

Ya yanke wajen da aka ci, ya narka dalma ya haɗa, don ya ce in murɗawa kawai aka yi aka naɗe da salatif rami biyu zai kwance ta, ya sa mata riga ya ɗaure damin nesa da lungun, ya mayar da tsohuwar sensar nan inda take, ya goge lambar daga kwamfuta. Muka koma ramin ɗazu na faɗa shi da gangan har da ƙarin totur, allura ko gezau. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin man da na ƙona zuwa Zariya ba, na ƙara masa na ce ya sayi silifas, ya dubi ƙafarsa ya ce ai waɗannan na aiki ne.

Da yamma ina cikin jan buhun gyaɗa zuwa kicin uwargida na tambayar dalili, sai ga kiran ogan gareji. Ya ce albishirinka, an samu ɗan Beljiyam fes, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba, in turo rabin kuɗi a riƙe min. Na ce ai mota ta warke, waya ce ɓera ya ci. Ya yi shiru jim, sannan ya ce "To Alhaji, ai dama ɓeran ba ya cin wayar giyabos mai lafiya. Zan ce su ajiye maka zuwa Juma'a."