Ranar da na zauna a kujerar 'yan shekara biyar

A makon farko da 'yata ta shiga ajin share fagen firamare a nan Amurka, wanda suke kira kindagatin, ta dawo da takarda a jaka. Ina ganin tambarin makaranta na ce to, an fara, don a saninmu takardar makaranta ba ta zuwa gida sai da maganar kuɗi. Na buɗe, babu adadi ko ɗaya. Tambayoyi ne kawai: wace rana kake da sarari, za ka iya karanta wa yara labari, za ka iya raka su idan za a fita da su, za ka iya jera littattafai a laburare. Na manna ta a jikin firji na manta. Sai da yarinyar ta ce, "Baba, kowa iyayensa sun zo ajinmu, kai kaɗai ne ba ka zo ba," sannan na cike. Daga baya na gano "kowa" ɗin nata mutum huɗu ne.

Ba haka kawai ake faɗawa aji ba. Sai da aka bincika ko na taɓa aikata laifi, ranar kuma na nuna katin shaida a ofis, aka liƙa mini takarda mai sunana a ƙirji.

Ajin yana cikin ginin firamaren, amma komai nasa an auna shi da tsayin yaro. Banɗaki a cikin ajin yake, wurin wanke hannu da kaɗan ya wuce gwiwata. Kowane yaro yana da ɗan gurbinsa na katako da sunansa, inda yake rataye jaka da rigar sanyi. Ga darduma babba da ake zama a da'ira, ga kusurwar littattafai, ga ta gutsattsarin katako na gini. Tunanin ba na jiya ba ne. Wani Bajamushe, Friedrich Fröbel, shi ya raɗa sunan kindagatin a 1840, ma'anarsa lambun yara, kuma tun 1873 birnin St. Louis ya shigar da irin wannan aji cikin makarantun gwamnati.

Malama ta ba ni yara biyar da almakashi, ta nuna mini wata 'yar kujera da na zauna gwiwoyina na neman taɓo haɓata. Wani yaro yana ta fama, takarda na lanƙwashewa ba ta yankuwa, har idonsa ya ciko. Ina lura sai na ga bahago ne. Na faɗa wa malama, ta jawo durowa ta ciro almakashin 'yan hagu. Tana da shi tun tuni, idon da zai gani ne ba ta da shi, da yara ashirin da wani abu a gabanta. A wannan awa ɗaya na ga famfon ajin yana ɗiga, na ga kuma wata yarinya da ba ta furta kalma ba tun da na shiga. Maganar famfon na kai ta taron iyaye, kafin wata ya ƙare an gyara.

'Yan uwa a gida in na tura musu hoton ajin, kayan suke yabawa, su ce ai dole yaro ya yi karatu a nan. Ni kuwa ina ganin kayan su ne ƙaramin abu. Abin da ya hana su lalacewa shi ne iyaye suna shiga suna fita, suna gani da idonsu.

A Najeriya ma ai muna da ƙungiyar iyaye da malamai, muna da kwamitocin al'umma na kula da makarantu. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 tana nan, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. A takarda ba mu rasa komai ba. Sai dai a yadda na tashi, uba sau biyu yake taka makaranta: ranar da ya kai yaro, da ranar da yaron ya yi laifi aka ce ya zo da mahaifinsa. Taron iyaye kuwa, a karanta kuɗin da aka yanka, a yi gardama, a watse. Mahaifina bai taɓa sanin tagar ajinmu ba ta da murfi ba, kuma ba sakaci ba ne, girmamawa ce. A ganinsa leƙa ajin malam tamkar cewa ne ba ka yarda da shi ba. Wannan kunyar na zo da ita, ita ta sa takardar ta yi mako uku a jikin firji.

Kada a ɗauka na ce nan aljanna ce. Lokaci ma dukiya ne. Wanda zai iya zuwa aji ƙarfe goma na safiyar Talata shi ne mai aikin da ke barinsa, ko matar da albashin mijinta ya ishe su. Ƙungiyar iyaye da malamai ta Amurka ma da sunan taron iyaye mata aka kafa ta a Washintan a 1897, kuma har gobe mata ne ke ɗauke da kusan duk aikin. Na san wata baiwar Allah mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi, tana dawowa ɗanta yana fita, ga Turancin bai zauna ba. Ba ta taɓa zuwa ba, kuma na ji da kunnena ana cewa "wasu iyayen ba su damu ba". Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ga kuma maganar kuɗin da na zata babu. Akwai, ta bayan gida take shigowa. Kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati a nan daga harajin gidaje na yankin yake fitowa, saboda haka unguwar masu hali makarantarta ta fi. Sannan iyayen unguwar masu halin su tara dubban ɗaruruwan daloli a shekara, su sayi kayan filin wasa, wani wurin har su biya albashin mataimakiyar malama. Unguwar talaka kuwa sai abin da Allah ya hore. Tsarin da ya dogara da sa kai, ruwa ne da ke gangarawa inda dama akwai danshi.

Duk da haka, da na yi waya da Yayata, wadda jikanta ya shiga irin wannan aji a gida, na ce mata, "Yaya, ki roƙi malamar ta bar ki ki zauna awa ɗaya a bayan aji." Ta yi dariya ta ce, "In ce mata na zo yin me?" Na ce ki ce kin zo fiƙe fensir.

Ni dai Alhamis mai zuwa layina ne. Malama ta ce in koya wa yaran ƙirge da Hausa daga ɗaya zuwa goma, 'yata kuma ta gargaɗe ni kada in sake zama a kujerar ƙawarta.